Tsakanin Rumbu da Asusu: Tanadin Ritayar Ma'aikaci a Ƙasar Batsari da Safana

Doka ta tanadi cewa ma'aikacin gwamnati a Nijeriya zai ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko kuma ya shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa daga cikin biyun, in ban da wasu rukunoni kamar malaman makaranta waɗanda wata dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga musu wa'adin zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki a wuraren da aka soma aiki da ita. Daga ranar da aka miƙa wa mutum takardar sallama albashi yake yankewa, alhali cefane da kuɗin makarantar yara da hidimar dangi suna nan daram, ga kuma kuɗin magani da tsufa yake zuwa da shi. Abin da ma'aikaci zai ci bayan ritaya damuwa ce ta duk mai ɗaukar albashi a ƙasar nan, sai dai da wuya a sami inda ta yi tsanani kamar ƙananan hukumomin Batsari da Safana, ƙasar Sarkin Ruman Katsina da ta Yariman Katsina, waɗanda suke yammacin Jihar Katsina a bakin Dajin Rugu, daf da iyakar Zamfara. A can abubuwa biyu ne suka haɗu a kan ma'aikaci cikin shekaru kusan goma, wato ɓarayin daji da suka cinye dukiyar da ake gani da ido, da hauhawar farashi da ta cinye wadda take rubuce a takarda.

Mafi yawan masu ɗaukar albashi a waɗannan ƙananan hukumomi malaman firamare ne, da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci, da malaman gona da na dabbobi, da ma'aikatan sakatariya, waɗanda albashinsu yake fitowa daga kason ƙananan hukumomi. Bayan su akwai ma'aikatan jiha kamar malaman sakandare da na babban asibiti, sannan 'yan kaɗan na tarayya kamar 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya da ma'aikatan hukumar zaɓe. Wannan rabe-rabe yana da muhimmanci, domin shi yake nuna tsarin fanshon da mutum yake ciki, kuma ana iya samun maƙwabta biyu a Runka ko Wagini, sun fara aiki shekara ɗaya, amma dokokin da za su yanke musu haƙƙi bayan ritaya ba su yi kama da juna ba.

Tsarin da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomin Katsina suka daɗe a kansa shi ne tsohon tsari, wanda asalinsa dokar fansho ce ta Turawan mulki ta 1951, aka sabunta ta da dokar soja mai lamba 102 ta 1979, kuma jihar ta gaje shi daga Kaduna lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1987. A wannan tsari ba a cire wa ma'aikaci komai daga albashinsa, gwamnati ce take ɗaukar alkawarin biyan abu biyu. Na farko garatuti, wato dunƙulallen kuɗin sallama da ake biya sau ɗaya, na biyu kuma fansho, wato kuɗin da ake biya duk wata har ƙarshen rai. Bisa jadawalin da aka saba bi, wanda ya yi shekara 10 yana samun garatuti daidai da albashinsa na shekara guda da fansho kashi 30 cikin 100, adadin yana ƙaruwa kowace shekara har ya kai ninki uku na albashin shekara da fansho kashi 80 cikin 100 ga wanda ya cika shekara 35. A rubuce tsari ne mai karamci. Rauninsa shi ne babu wani asusu da aka tara kuɗin a ciki, daga kasafin kowace shekara ake biya, don haka ɗan fansho yana layi ɗaya da ɗan kwangila da aikin hanya da hidimar siyasa, kuma shi ne mafi ƙarancin murya a cikinsu tunda ba shi da aikin da zai yi barazanar tsayarwa. Ta haka bashin garatuti ya riƙa taruwa a jihohi da dama, Katsina na ciki, har sai da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ware sama da Naira biliyan 20 a shekarar 2024 don rage bashin da ya taru na ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi.

Ma'aikacin karkara ya daɗe da sanin wannan rauni, shi ya sa bai taɓa ɗora tsufansa kacokan a kan alkawarin gwamnati ba. Tanadinsa na gaskiya yana gona da garke da rumbu. Malamin firamare a Ruma ko Babban Duhu manomi ne kafin ya zama malami, albashin kuwa shi ne jarin taki da iri da kuɗin ƙwadago. Idan ya ɗauki adashi sai ya sayi maraƙi ya ba wani Bafulatani amini kiwo, ko ya haɗa shanun huɗa biyu da garma, ya yi aikin gonarsa ya kuma yi wa wasu a biya shi. Da kaka ya sayi gero da dawa da wake lokacin da farashi ya faɗi, ya zuba a rumbu ko ɗakin ajiya, ya fitar da su da damina lokacin da abinci ya yi tsada. Matarsa tana da tumaki da awaki, kuma ana turka rago domin kasuwar babbar salla. Ƙasar Batsari ta yi suna da noman rogo, amfanin da yake iya zama cikin ƙasa har sai mai shi ya buƙaci kuɗi. Wannan tsari yana da wata fa'ida da masana tattalin arziki suke nema da fitila, wato dukiyar da darajarta take tashi tare da tashin farashi, domin duk ranar da buhun masara ya yi tsada a kasuwa, wanda yake da shi a rumbu ya yi arziki. Haka kuma ya ginu a kan amana tsakanin manomi da makiyayi, amanar da ta sa mutum yake iya shekara bai ga saniyarsa ba kuma hankalinsa a kwance.

Wannan ginshiƙi ne rashin tsaro ya fara karyawa. Abin ya soma da satar shanu, kuma shanun huɗa suna cikin abin da aka fara kwashewa, daga nan ya koma garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa da kai hari a kan ƙauyuka. A watan Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, a watan Afrilun wannan shekara kuma aka kashe mutum 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. Sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla a 2019 bai ɗore ba, kuma a watan Satumbar 2021 aka ɗauki matakan toshe wa ɓarayi hanya, waɗanda suka haɗa da hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Batsari da Safana na ciki, har zuwa watan Disamba. A cikin waɗannan watanni mai dabba ya rasa inda zai sayar, mai albashi a banki kuma sai ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis kafin ya taɓa kuɗinsa. Gonakin da suke nesa da gari sun zama ba sa nomuwa, farashinsu ya faɗi a daidai lokacin da masu su suka fi buƙatar sayarwa, iyalai da yawa kuma suka yi ƙaura zuwa cikin garin Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina, inda wanda ya saba ci daga rumbunsa ya koma awo da kwano yana biyan haya. Mafi ciwo shi ne kuɗin fansa, domin a dare ɗaya yakan lashe abin da gida ya tara a shekara ashirin, kuma ma'aikaci, ko da ba nasa aka ɗauka ba, shi dangi suke fara tunkara tunda an san yana da abin da yake shigowa duk wata. Ga kuma masu kai wa ɓarayi rahoto, waɗanda ake kira infoma, da suka sa labarin an biya wane garatuti ya zama abin ɓoyewa. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoban 2023, kuma a 2025 an ƙulla sulhu a matakin al'umma a Jibiya da Batsari da Safana da wasu wurare, abin da ya ba mutane da dama damar komawa gona, amma wanda ya ga yadda na baya ya warware ba zai yi gaggawar mayar da duk jarinsa daji ba, kuma yana da hujja.

Wanda ya guje wa wannan haɗari ya bar kuɗinsa a Naira shi ma bai tsira ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni, dalar Amurka da take kusan Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar wannan shekara bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Lissafin abin da wannan yake nufi ga mai jiran garatuti ba shi da wuya. Idan farashi yana tashi da kashi 30 cikin 100 kowace shekara, kuɗin da aka riƙe wa mutum shekara uku ba zai sayi rabin abin da zai saya a ranar da ya ajiye aiki ba, ko da an biya shi cif ba a rage kwabo ba. Jinkirin biyan haƙƙi, saboda haka, rage haƙƙin ne, kuma ya kamata a riƙa kiransa da wannan suna. Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa jihohi sake duba kuɗin fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi, duk wanda ya riga zuwa, amma mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024, yayin da ƙarin fansho a jihohi da yawa yake biyo baya a makare.

Gwamnatin tarayya ta bar tsohon tsari tun 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ta kafa tsarin karo-karo tare da Hukumar Fansho ta Ƙasa da ake kira PenCom. Bayan gyaran da aka yi wa dokar a 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba kashi 10, kuma kuɗin yana shiga asusun da yake ɗauke da sunan ma'aikacin shi kaɗai. Kamfanin kula da fansho shi yake juya kuɗin, amma ba a hannunsa suke ba, suna wurin wani kamfani dabam mai aikin ajiya, an raba ayyukan biyu ne don kada mai juyawa ya sami damar ɗiba. Dukiyar da ta taru a wannan tsari ta haura Naira tiriliyan 20 a 2024, kuma fiye da rabinta bashi ne da aka ba gwamnatin tarayya ta hanyar takardun lamuni. Tun watan Yulin 2018 aka rarraba kuɗin gida-gida gwargwadon shekarun mai shi da irin kasadar da zai iya ɗauka. Asusu na ɗaya shi ya fi zuba kuɗi a hannun jarin kamfanoni, inda riba da asara duka suke da yawa, kuma ba a sa mutum ciki sai ya nema da kansa. Na biyu shi ne mazaunin duk wanda bai kai shekara 50 ba, na uku na waɗanda suka kai 50, na huɗu na waɗanda suka riga suka yi ritaya, na biyar kuma, wanda aka buɗe a 2019, na masu sana'ar kansu ne. Tun watan Nuwambar 2020 mutum yana da ikon sauya kamfani sau ɗaya a shekara, daga 2022 kuma yana iya amfani da kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara a matsayin kafin alƙalami na lamunin mallakar gida.

Asusu na shida, wanda aka fito da ƙa'idojinsa a 2021, shi ya fi dacewa da damuwar mutanen wannan yanki, domin an keɓe shi ga hanyoyin juya kuɗi da babu kuɗin ruwa a cikinsu, kuma ba ya shiga harkar giya ko caca. Ma'aikata da yawa a ƙasar Hausa sun daɗe suna kallon ribar da take bayyana a takardar asusunsu da shakka, wasu ma suna ƙin yin ƙarin ajiya na ganin dama saboda tsoron riba, alhali komawa asusu na shida buƙata ce kawai da mutum zai rubuta wa kamfaninsa. Ba a shigar da kowa ciki sai ya nema, wanda bai ji labarinsa ba kuwa ba zai nema ba, kuma ofisoshin kamfanonin suna birane. Duk da haka tsarin karo-karo bai warware matsalar tsufa ba. Ƙaramin albashi ƙaramin tari yake haifarwa, ribar da aka samu a asusun a 2023 da 2024 ta gaza kamo hauhawar farashi, kuma idan mutum ya ajiye aiki ba a ba shi kuɗinsa duka, ana ba shi wani kaso a dunƙule, sauran kuma ko dai kamfanin ya riƙa yanka masa duk wata, ko ya saya wa kansa biyan wata-wata na har abada daga kamfanin inshora. Ƙorafi a kan ƙanƙantar abin da yake fitowa shi ya fito da tsofaffin 'yan sanda zanga-zanga a 2025 suna neman a cire su daga tsarin, kamar yadda aka cire sojoji tun 2011.

Maƙwabtan Katsina sun bi hanyoyi dabam-dabam, kuma a cikinsu akwai darasi ga jihar yanzu da ta kama hanyar sauyawa zuwa karo-karo. Kaduna ta ɗauki tsarin tarayya na asusun mutum ɗaya daga 2017. Jigawa ta zaɓi wata tsaka-tsakiyar hanya, inda ma'aikaci yake zuba kashi 8, gwamnati kashi 17, a tara a asusu guda, amma a biya fansho da garatuti bisa jadawalin shekarun aiki, kuma an daɗe ana kafa misali da ita wajen biya a kan lokaci. Kano ta yi doka mai kama da wannan a 2006, amma bashin garatuti ya taru mata da yawa. Doka kusan iri ɗaya ta ba da sakamako biyu, abin da ya nuna cewa ƙarfin tsari yana ga zuba kason gwamnati kowane wata ba fashi, da kuma tsare asusun daga hannun masu mulki idan suka matsu. Ga ma'aikatan ƙananan hukumomi akwai ƙarin tambaya, domin hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma dole a fayyace wanda zai ɗauki nauyin fanshon malaman firamare a sabon yanayi, don kada ƙaramar hukumar da yaƙi ya raunana ta zama ita ce mai gaza biyan tsofaffinta.

Abin da ya rage a hannun ma'aikaci shi kansa ya fi yawa a kan yadda ake zato, muddin ya fara da wuri. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fara sayar da sukuk a watan Satumbar 2017, na Naira biliyan 100 na tsawon shekara bakwai. Sukuk takarda ce da take ba mai ita rabo a wata kadara, a nan hanyoyin mota, gwamnati tana biyan haya a kanta duk wata shida sannan ta mayar da uwar kuɗi idan wa'adi ya cika, kuma da Naira 10,000 ana iya shiga. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, Lotus tun 2021, waɗanda suke karɓar ajiya bisa mudaraba, wato mai kuɗi da mai juyawa su raba ribar da aka samu bisa kason da suka amince. Hukumar inshorar ajiyar banki ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a manyan bankuna a 2024. Duk waɗannan ba a kora su cikin daji, ba a ƙone su, kuma maƙwabci bai san da su ba, sai dai hauhawar farashi tana rage musu ƙarfi. Hatsi da dabba da fili kuwa suna jure hauhawar farashi amma suna gaban bindiga. Tunda kowane ɓangare yana da ɓarawonsa, hanyar da hankali ya fi karɓa ita ce raba dukiya tsakaninsu, kuma a cikin dukiyar da ake gani a fifita wadda take kusa da ido kuma take saurin juyawa, kamar turkar rago ko sa na 'yan watanni a cikin gida maimakon garke a daji, da ajiyar hatsi a cikin gari maimakon rumbun ƙauye. Ko ajiyar hatsin ma tana da faɗuwa, kamar yadda waɗanda suka saya da tsada suka gani a 2025 lokacin da farashin abinci ya sauko, ban da gargaɗin malamai game da ɓoye abinci a lokacin da jama'a suke cikin matsi. Fili a Katsina ko Dutsin-Ma, garin da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 ta ƙara wa buƙatar gidajen haya, ya zama mafakar kuɗin mutane da yawa, amma fili ba ya ba da kuɗin cefane, kuma wanda ba shi da takarda ingantacciya shari'a ya saya.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne makonnin farko bayan garatuti ya shigo, domin mutumin da ya shekara 35 yana lissafin dubbai sai ya wayi gari da miliyoyi, ga bashin da ya ci yana jira, ga aurar da 'ya'ya da kayan ɗaki, ga burin sauke farali a lokacin da kujerar Hajji ta haura Naira miliyan 8 a 2025. Buƙatu ne na gaskiya, amma duk wadda aka tanada mata tun ana aiki, ta hanyar ƙungiyar gama kai ta ma'aikata ko asusun adashin Hajji da hukumar alhazai ta buɗe a 2020, ta rage wa garatuti nauyi. A wannan lokaci ne kuma masu alkawarin ninka kuɗi suke zuwa, kuma rushewar MMM a ƙarshen 2016 da ta CBEX a watan Afrilun 2025 sun isa shaida cewa ribar da ta wuce hankali daga aljihun wanda ya shigo daga baya ake biyanta. Haka nan fara sana'ar da mutum bai taɓa yi ba, kamar sayen motar haya a ba wani direba, ta cinye garatutin mutane da yawa, alhali wanda ya fara ƙaramin kasuwanci shekara goma kafin ritaya ya riga ya yi kurakuransa lokacin da albashi yake rufa masa asiri.

Akwai kuma batun takardu, wanda ya fi tsanani a inda aka ƙone gidaje aka tarwatsa iyalai. Takardar ɗaukar aiki ta farko, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar haihuwa, su ake nema a kowace tantancewa, kuma saɓanin ranar haihuwa tsakanin fayil da lambar zama ɗan ƙasa da ta banki yakan tsayar da biyan haƙƙi na tsawon watanni. Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda suka rubuta a fayil a matsayin makusanci shi ne magajin kuɗinsu, alhali shi wanda za a tuntuɓa ne kawai. Haƙƙin mamaci gado ne, ana fitar da shi da takardar izinin kula da dukiya daga kotu, a raba shi bisa shari'a tsakanin mata da 'ya'ya da iyaye. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki a tsarin karo-karo yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ga kuma kashi 2.5 cikin 100 da ake cire wa masu zubi a Asusun Gidaje na Ƙasa tun 1992, wanda ake mayar wa wanda bai ci lamuni ba idan ya ajiye aiki, kuma magada ba sa karɓar ko ɗaya daga cikin waɗannan sai sun san da su sun nema. A yankin da ma'aikata suka rasa rayukansu a kan hanyar zuwa aiki, matar da ba ta san sunan kamfanin fanshon mijinta ba, ko lambar fayil ɗinsa, ko inda ya ajiye kwafin takardunsa, takan shafe shekaru tana zirga-zirga tsakanin sakatariya da Katsina da marayu a hannu kafin a biya ta abin da doka ta riga ta ba ta.